Ranar da Rana Ta Leƙa Rijiya

Kawu Talle bai taɓa riƙe alli ba.
Shekara arba'in yana haƙar rijiya
daga Harbo har bakin Miga,
da ɗan gajeren dagi, da kwando,
da igiyar rama mai ƙulli a kowace gaba.

Ni ce 'yar ƙanwarsa da aka kai boko,
na dawo da tabarau da albashi marar auki,
ina koyar da lissafi a ajin da kwanonsa
ke ƙara in rana ta take.

Ran nan, bazara ta kai maƙura,
ko kare ya daina haushi,
ya aiko jikansa: maza, kafin azahar,
ko allin hannunki kar ki tsaya wankewa.

Na same shi bakin rijiyar majema,
ya kafa sandarsa a ƙasa.
Ya ce, duba.
Sanda tsaye, babu inuwa.
Tawa ma ta shige ƙarƙashin silifa
kamar tsakon da ya hango shirwa.
Ya ce, leƙa.
Can ƙasa, gaba goma sha biyu,
ga rana zaune cikin ruwa, sabuwar tasa,
babu gefen da duhu ya ci.

Sau biyu take haka a shekara, in ji shi,
amma na damina hadari kan rufe.
Yau nake sanin aikina:
in na karkace, hasken zai tona ni.

Na zauna kan kututturen guga, gwiwa ta saki.
Na ce, Kawu, akwai wannan a littafinmu.
Wani mutumin Yunan, mazaunin Masar,
an ce ya ji labarin rijiya irin wannan a kudu,
alhali a garinsa, a wannan yinin,
sanda na da 'yar inuwa.
Ya auna karkatar, ya nemi nisan garuruwan biyu,
ya zauna ya fitar da ɗamarar duniya,
bai ko ɗaura wa jaki mangala ba.

Ya yi shiru, yana murza goro a tafi.

Baki ya buɗe mini, na yi ta zuba:
wanda ya shiga kwarmin wanka, ruwa ya tumbatsa,
ya gano yadda za a kama maƙerin da ya cuci zinariya.
Wanda soja ya tarar yana zana da'ira a rairayi.
Da masu gaba uku, huɗu, biyar,
irin da Gambo magini ke tayar da kusurwa,
sai dai su ba su bar ta a "haka muka gada" ba,
sai da suka tsare ta da tambaya
har ta faɗi dalilinta.
Da wani da ya ce asalin komai ruwa ne.

Wannan ya taɓa jin ƙishirwa, in ji Kawu.

Na ce, an ce shi ne ma ya faɗa rijiya
garin kallon taurari.
Dariya ta ci shi har tari ya sarƙe,
ya ce, to irinmu ne suka zura masa igiya.

Da tarin ya lafa, ya share ido da gefen hula:
Ita waccan ta Masar, da ta miƙe sak
har aka auna duniya da ita,
wa ya haƙa?

Na buɗe shafin a kaina, sama da ƙasa.
Ba a rubuta ba, Kawu.

Ya gyaɗa kai, ya zare sandarsa.
Ladan ya gyara murya.

Sai bayan hutu na samu kawo 'yan ajina,
su talatin da bakwai, kowa da karan dawa.
Mun makara. Inuwa ta dawo,
faɗin yatsa biyu, ta kudu.
Lantana ta durƙusa ta auna da tsinke,
ta rubuta a bayan littafinta,
ta bar layi a sama, ta ce,
Malama, yaya cikakken sunan Kawu?